Harin Toshe Ƙofa: Me Ke Sa Rezo Ya Tsaya Cik?

A yau kuɗin shanu sun koma cikin waya. Mutum ya sayar da bijimai a nan Zongon Lome, kafin la'asar ya tura wa mai kaya kuɗinsa a Sinkase ta Flooz ko Mixx, wato T-Money ta da. To ran da rezo ya tsaya sai hankali ya tashi. Galibi wuta ce ko wayar ƙarƙashin teku ta tsinke, amma wani lokaci da gangan ne, shi ne harin da masana ke kira DDoS.

Ga yadda abin yake. A ce kara tana da ƙofa ɗaya, sai wani mugu ya koro dubban jakuna ya cusa su a bakinta ranar kasuwa. Bai saci ko maraƙi ba, amma ba saniyar da za ta shiga ko ta fita. Haka maharin ke yi wa babbar kwamfutar kamfani: ya turo mata saƙonnin banza miliyoyi a lokaci guda har ta kasa amsa na gaskiya. Jakunan kuwa ba nasa ba ne. Kyamarorin tsaro ne da akwatunan wifi na bayin Allah, waɗanda aka bar su da lambar sirrin da suka zo da ita daga kanti. Ya kame su daga nesa, masu su ba su ma sani ba.

An yi wannan a Laberiya a 2016. Wani ɗan Ingila, Daniel Kaye, ya yi amfani da manhajar Mirai ya far wa kamfanin waya na Lonestar MTN, har intanet ta riƙa yankewa a ƙasar. Wanda ya biya shi kuwa wani babba ne a kamfanin da ke kishi da su. Kun ji fa, hassadar kasuwa ce tsagwaronta, irin wadda muka sani. A Janairun 2019 wata kotu a Landan ta ɗaure shi shekara 2 da wata 8.

Kariya dai ita ce a tare garken tun daga nesa. Akwai kamfanoni irin su Cloudflare da Akamai masu faffaɗan hanyoyi a ƙasashe da yawa. Duk saƙo sai ya bi ta wurinsu, su tace, su zubar da na banza, su wuce da na kirki. Sannan a yawaita ƙofofi, a kuma ƙayyade saƙon da na'ura ɗaya za ta turo a minti. Duk wannan kuɗi ne, kuma a ganina kamfanin da ke cin kamasho a kan kowace jaka da muka tura ba shi da uzurin ƙin kashe su. Nan Togo gwamnati ta kafa hukumar ANCy domin tsaron intanet.

Namu ɓangaren kaɗan ne. In rezo ya tsaya, kuɗinka na nan, hanya ce ta toshe, don haka kada ka sake turawa sai ka duba abin da ya rage, kar ka biya sau biyu. Ka riƙe layi biyu na kamfani daban-daban. Wanda ya kira ka a irin wannan rana wai zai gyara maka, ka ba shi lambar sirri, ɓarawo ne. Mai kyamara a turke ko wifi a gida kuma, ya sa yaro ya canza masa lambar yau ɗin nan.