Ƙugiya Mai Haske a Duhu: Me Ta Sauya a Kamun Kifin Ƙasashen Sanyi?

A arewacin Amurka da Kanada, daga watan Disamba zuwa Maris, manyan tafkuna kan daskare har mutum ya yi tafiya a kansu, wani lokacin ma mota ta bi. Masu kamun kifi sukan huda ƙanƙarar su zura fatsa ta ramin, kuma hukumar kula da albarkatun ƙasa ta jihar Minnesota tana gargaɗin kada kowa ya taka sai kaurin ƙanƙara ya kai inci 4. A shagunan kayan su na waɗannan yankuna, wani nau'in ƙugiya ya mamaye kanta cikin shekaru talatin ɗin nan: ƙugiya mai siffar ɗan kifi ko ƙwaro, wadda aka shafa wa fenti mai shan haske ya riƙa fitar da shi a duhu. Masu saye na rantsuwa da ita, masu shakka na cewa dabarar 'yan kasuwa ce. Idan aka auna hujjoji, amfanin ƙugiyar gaskiya ne amma yana da iyaka, kuma babban tasirinta yana kan lokaci da wurin da mutane ke kamun kifi, fiye da yawan abin da ƙugiya ɗaya ke kamawa.

Dalili na farko na yaɗuwarta duhu ne. Ruwa garau yana shanye launuka ɗaya bayan ɗaya: ja ne ke fara ɓacewa tun a 'yan mitoci na sama, kore da shuɗi su fi nisa. Idan ƙanƙara ta rufe tafki, dusar ƙanƙara kuma ta kwanta a kanta, mafi yawan hasken rana ba ya isa ƙasa, ga shi ranar hunturu gajera ce a can. A tafkin Lake of the Woods da ke kan iyakar Minnesota da Kanada, ruwan kansa yana da launin shayi saboda ruɓaɓɓun tsirrai na fadamun da ke kwarara cikinsa. A irin wannan duhu, da wuya kifi ya bambance launin fentin ƙugiya. Kifin walai, wanda masunta suka fi nema a yankin, yana da wani shimfiɗi a bayan idonsa mai mayar da haske, irin wanda ke sa idon kyanwa ƙyalli da dare, shi ya sa yake farauta da asuba da magariba. Ɗan haske kaɗan ya ishe shi ya hango abin da ke motsi.

Dalili na biyu ya fito daga ɗakin binciken sinadarai. Fenti mai haske a duhu ya daɗe, amma tsohon, wanda ake yi da zinki salfaid, yakan dushe cikin ɗan lokaci, sai mai su ya riƙa janyo igiya yana haska shi. A 1993 kamfanin Nemoto na Japan ya fito da sabon sinadari na sitirontiyam aluminet, wanda ya ninka tsohon haske kamar sau 10, ya kuma fi shi daɗewa nesa ba kusa ba, ba tare da haɗarin radiyam da aka taɓa shafa wa agoguna ba. Daga nan sai ƙananan tociloli masu hasken ultrabayolet suka yi araha, har ana iya cika ƙugiya da haske cikin daƙiƙu. Abin da a da yake wahala ya zama sauƙi, kuma sauƙi ne ke yaɗa kowace sabuwar dabara.

Dalili na uku shi ne sauran kayan da suka zo tare. Bukkokin kan ƙanƙara masu na'urar ɗumama ɗaki da gadon kwana sun sa mutum na iya kwana a tsakiyar tafki. Na'urorin da ke gano kifi da amon sauti, musamman tun da Garmin ya fito da LiveScope a 2018, suna nuna kifi da ƙugiya a allo lokaci guda. Wanda ya zauna cikin dare yana kallon kifi a zurfin mita 10 dole ya nemi abin da kifin zai gani. Haka abin yake a ruwan da bai daskare ba. A tafkin Michigan, inda aka zuba kifin salmon a 1966, masu kwalekwale kan fita tun kafin alfijir suna jan faifan ƙarfe masu haske a ƙasan ruwa, a Japan kuma masu kamun dabbar teku sukwid da dare sun daɗe da amfani da ƙugiyar egi mai irin wannan fenti.

Masu shakka suna cewa kifi ba da ido kaɗai yake farauta ba: yana jin girgizar ruwa ta layin da ke gefen jikinsa, yana kuma bin ƙamshi, don haka fentin mai saye yake kamawa. Akwai gaskiya a nan. Shaidar mai su ba ma'auni ba ce, domin ranar da ya cika bokiti zai yaba wa ƙugiya, ranar da ya dawo hannu rabbana zai zargi iska. A ruwa garau da tsakar rana kuwa, hasken fentin ba ya ƙara komai, kuma masunta da dama sun lura cewa ƙugiyar da aka cika da haske sosai kan sa kifi mai tsoro ya ja baya. Sai dai wannan hujja tana rage girman da'awar ne kawai. Haske ba ya sa wa kifi yunwa, amma kifin da girgiza ta janyo yana bukatar wurin da zai kai bakinsa, kuma a cikin duhu wannan ɗigon haske ne ke nuna masa. Aikin kaɗan ne, amma a inda ake bukatarsa babu mai maye gurbinsa.

Illar da ta fi cancantar kulawa tana wani gefen. A da, dare da zurfi mafaka ne ga kifi, domin mai su yakan naɗe igiya idan rana ta faɗi. Yanzu wannan mafaka tana raguwa. Kifin barbot, wanda ke yin ƙwai a ƙarƙashin ƙanƙara a ƙarshen hunturu, yana taruwa a wuri ɗaya kuma yana yawo da dare, ya zama abin nema da manyan ƙugiyoyi masu haske bayan shekarun da aka yi ana raina shi ana yar da shi a kan ƙanƙara. Kamun kifi a lokacin da ya taru don haihuwa abu ne da kowane Sarkin Ruwa zai ɗaga wa gira. Ga kuma matsalar zurfi: kifin da aka fizgo daga ƙasan da ya wuce kimanin mita 9, jakar iskar cikinsa kan kumbura saboda sauyin matsin ruwa, ko an sake shi ba lallai ya rayu ba. Mai su yana ganin ya yi tausayi, alhali ya kashe kifin da ba a lissafa ba.

To, a hana fentin ke nan? Wasu na ganin haka, tunda tuni dokar Minnesota ta hana haska fitila don janyo kifi, ko da yake ta ƙyale ƙugiya mai ɗauke da haskenta. Amma hana fenti kamar barin jaki ne a doki taiki. Da za a kawar da shi gobe, bukka da na'urar gano kifi suna nan, masana'anta kuma za su koma ga ƙara da ƙamshi. Abin da ke kare tafki shi ne ƙayyade yawan kifin da mutum zai ɗauka, rufe wuraren haihuwa a lokacinsu, da koya wa masunta su riƙe abin da suka ciro daga zurfi su tsaya idan adadinsu ya cika. Idan ma ana neman abin hanawa a jikin ƙugiyar, dalmar da ke ƙarƙashin fentin ta fi cancanta, domin tsuntsayen ruwa irin su lun na haɗiye ta su mutu, abin da ya sa jihar New Hampshire ta hana ƙananan ƙugiyoyin dalma. Ƙarfen tangistin da ake maye gurbinta da shi ya fi dalma nauyi, yana saurin nutsewa, kuma yana karɓar fenti mai haske yadda take karɓa.

Ƙugiya mai haske ta buɗe wa mai su sa'o'i da zurfin da a da duhu ya rufe masa. Hutun da dare ke bai wa kifi kyauta, yanzu sai hukuma ta rubuta shi a doka, masunta kuma su yarda su kiyaye.