Masu hawan jini da ciwon sukari: Abin da ya kamata a sani kan inshora kafin hawa jirgin ruwan shaƙatawa

A watan Janairun 2024 ne jirgin ruwan Icon of the Seas na kamfanin Royal Caribbean ya fara ɗaukar fasinjoji daga birnin Mayami na Amurka. Jirgin na iya ɗaukar fasinja kusan 7,600, ban da ma'aikata sama da 2,000, wato gari ne guda a kan teku, da gidajen cin abinci da wuraren ninƙaya da shaguna.

Irin wannan tafiya ta shaƙatawa a jirgin ruwa ta daɗe da karɓuwa a Amurka da Turai, musamman a wajen dattawan da suka yi ritaya. Yanzu kuma ta matso kusa da wuraren da mutanenmu suka saba zuwa. Jirage na tashi daga Dubai a lokacin sanyi, sannan a watan Disamban 2024 kamfanin AROYA na Saudiyya ya fara jigila daga Jidda a Bahar Maliya.

Sai dai akwai abin da tallar tafiyar ba ta cika faɗa ba. Kuɗin tikiti ya haɗa da ɗaki da abinci, amma bai haɗa da ganin likita ba. Kuma ga mai hawan jini ko ciwon sukari ko asma ko sikila, inshorar da ya saya tana iya ƙin biyan ko sisi idan ciwon da ya taho da shi daga gida ne ya tashi a tsakiyar teku.

Asibitin cikin jirgi

Manyan jiragen suna da ɗakin shan magani mai likita da ma'aikatan jinya. Suna iya ɗinke rauni, su yi gwajin jini, su ƙara ruwa, su kuma kwantar da wanda zuciyarsa ta buga na ɗan lokaci. Ba su da kayan yin babbar tiyata, kuma yawancinsu ba su da na'urar wankin ƙoda.

Duk abin da aka yi wa mutum, ana rubuta kuɗinsa ne a asusun ɗakinsa, ya biya kafin ya sauka, daga baya ya nemi kamfanin inshora ya mayar masa.

Idan ciwo ya fi ƙarfin likitan jirgi, shi da kyaftin na da ikon sauke mara lafiya a tashar da ta fi kusa, jirgi kuma ya wuce. Daga nan ɗawainiya ke farawa: kuɗin asibiti a ƙasar da mutum bai san kowa ba, masaukin wanda ke jinyarsa, da jirgin da zai mayar da shi gida, wanda wani lokaci sai na ɗaukar marasa lafiya mai likita a ciki. Wannan kaɗai na iya cin dubban daloli masu yawa.

Dakarun tsaron gaɓar tekun Amurka ba sa karɓar kuɗi idan suka ɗauko mara lafiya da jirgi mai saukar ungulu, amma aikinsu ya ƙare da zarar sun miƙa shi. Asibitin da ya karɓe shi zai kawo takardar kuɗinsa.

Tsarin lafiyar gwamnati ma ba ya bin mutum cikin teku. Shirin Medicare na dattawan Amurka ba ya biyan kuɗin magani idan jirgin ya yi nisan da ya wuce awa shida daga wata tashar ƙasar. Katin GHIC da mazauna Birtaniya ke amfani da shi a asibitocin gwamnati na ƙasashen Tarayyar Turai ba ya aiki a ɗakin maganin jirgi, kuma ba ya biyan kuɗin mayar da mara lafiya gida.

Wane ciwo ake kira tsohon ciwo?

A nan ne mutane da yawa ke faɗawa. Wanda ke shan ƙwayar hawan jini kullum shekara goma, jininsa kuma ya daidaita, yakan ɗauki kansa lafiyayye. A wajen kamfanin inshora kuwa, mai ciwo ne.

A taƙaice, duk larurar da aka gano wa mutum, ko ake ba shi magani a kanta, ko ya ga likita saboda ita kafin ya sayi inshora, tana cikin lissafi. Har da wadda ake jiran sakamakon gwajinta. Yawancin kamfanoni ba sa yarda su ɗauki nauyin larurar da likita bai gama tantance ko mece ce ba.

Matsalar ba ta tsaya kan ciwon kansa ba. Idan mai hawan jini bai bayyana ba, sai shanyewar ɓarin jiki ta same shi a jirgi, kamfani zai nemi bayanan asibitinsa, ya kuma iya cewa hawan jinin ne ya jawo. Haka abin yake ga mai ciwon sukari da ƙodarsa ta samu matsala, ko mai sikila da ciwon ya tashi saboda sanyi ko ƙarancin ruwa a jiki.

Yadda ake yi a Birtaniya

A Birtaniya, kamfani kan yi wa mai saye tambayoyi ɗaya bayan ɗaya: magunguna nawa yake sha, ko an kwantar da shi a asibiti kwanan nan, ko yana shan taba. Daga amsoshin ne za a yanke ko a karɓe shi a farashin kowa, ko a ƙara masa kuɗi, ko a cire ciwon daga yarjejeniya, ko a ƙi shi gaba ɗaya.

Wata doka ta 2012 kan bayanan da masu sayen inshora ke bayarwa ta fayyace hukuncin wanda bai faɗi gaskiya ba. Idan da gangan ya ɓoye, kamfani na iya soke yarjejeniyar, ya ƙi biya, ya kuma riƙe kuɗin da aka ba shi. Idan sakaci ne, ana iya biyansa gwargwadon abin da ya biya. Misali, wanda ya biya fam 100 alhali da ya faɗi gaskiya fam 200 za a caje shi, rabin kuɗin asibitinsa kawai zai samu. Ramin ƙarya dai ƙurarre ne.

Tun watan Afrilun 2021, hukumar FCA mai sa ido kan harkokin kuɗi ta wajabta wa kamfanoni su nuna wa masu larura jerin kamfanonin da suka ƙware a kansu, idan an ƙi karɓar su, ko an cire ciwonsu, ko ƙarin kuɗin ya yi yawa. Ana samun irin wannan jeri a shafin MoneyHelper da kuma wajen ƙungiyar dillalan inshora ta BIBA.

Wasu kamfanonin jiragen na can ma ba sa barin abin a hannun fasinja. P&O Cruises, alal misali, ya sa mallakar inshorar da ta haɗa da magani da mayar da mutum gida cikin sharuɗɗan sayen tikiti.

Yadda ake yi a Amurka

Tsarin Amurka ya bambanta. Maimakon tambayoyi tun farko, kamfani kan waiwayi tarihin lafiyar mutum na kwanaki 60 zuwa 180 kafin ranar da ya sayi inshora. Idan a cikin wannan lokaci ciwon ya tashi, ko an canza masa magani, ba za a biya komai a kansa ba.

Akwai mafita, amma tana da wa'adi. Kamfanoni da dama na ɗage wannan sharaɗi ga wanda ya sayi inshora cikin kwanaki 14 zuwa 21 bayan ya biya kafin alƙalami na tafiyar, muddin yana da ƙoshin lafiyar yin tafiya a ranar da ya saya, kuma a yawancin lokuta ya sa dukkan kuɗin tafiyar da ba a mayarwa cikin inshorar. Tun da ana kama ɗaki a jirgi watanni kafin tashi, wanda ya bari sai ana saura mako guda ya riga ya makara.

Ga mai tashi daga Najeriya ko Nijar

Wanda zai hau jirgi a Basalona ta Sifaniya ko Jenowa ta Italiya yana buƙatar bizar Shengen, ita kuma sai da inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000. Wannan takarda tana gamsar da ofishin jakadanci, amma da yawa daga cikin masu araha ba sa ɗaukar nauyin tsohon ciwo, kuma iyakarsu ƙasashen Shengen. Jirgin da ya ratsa Bahar Rum kuwa na iya tsayawa a Tunisiya ko Turkiyya ko Maroko.

Haka kuma, inshorar Birtaniya galibi ta mazauna ƙasar ce waɗanda ke da rajista da likita a can. Ɗan da ke zaune a Landan, ya gayyaci mahaifiyarsa daga Kano don su hau jirgi tare a Southampton, da wuya ya iya sa ta cikin tasa. Sai an nemo mata wadda ta dace da mazauna Najeriya, kuma a tabbatar da wannan a rubuce.

Abin da za a duba kafin a biya

Na farko, a tabbatar yarjejeniyar ta ambaci tafiyar jirgin ruwa, domin kamfanoni da yawa na sayar da ita ne a matsayin ƙari. Wannan ƙarin kan biya diyya idan likita ya killace mutum a ɗakinsa, ko jirgi ya tsallake wata tasha, ko ya tashi ya bar mutum bisa dalilin da yarjejeniya ta amince da shi. Killacewa ba baƙon abu ba ne a jirgi, saboda cutar amai da gudawa ta norobairos na saurin yaɗuwa. A watan Fabrairun 2020 ma an tsare jirgin Diamond Princess a Yokohama ta Japan, inda sama da mutum 700 cikin 3,711 da ke ciki suka kamu da korona.

Na biyu, a lissafa duk ƙasashen da jirgi zai tsaya, a ga kowacce na cikin yankin da inshorar ta ƙunsa. Tsayawa ɗaya a Amurka ko tsibiran Karebiyan na iya canza farashi.

Na uku, idan lafiya ta canza bayan an saya, ko likita ya ƙara magani, a sanar da kamfani kafin tashi. Wanda kuma ya yi tafiya bayan likitansa ya hana shi, babu kamfanin da zai biya shi.

Na huɗu, a tambayi matsayin iyaye da ke gida. Idan tsohon ciwon mahaifi ya tsananta har aka fasa tafiya, kamfanoni da yawa ba sa mayar da kuɗi matuƙar an san da ciwon lokacin saye. Mata masu juna biyu kuma su sani cewa manyan kamfanonin jirage ba sa ɗaukar wadda cikinta zai kai mako 24 kafin a gama tafiyar.

Sai kuma magani. A riƙe shi a jakar hannu cikin kwalinsa na asali, da ƙarin na wasu kwanaki, tare da wasiƙar likita mai ɗauke da sunayen magungunan. Hadaddiyar Daular Larabawa na tsaurara doka kan magunguna irin su tiramadol da kodin, don haka mai tashi daga Dubai ya nemi izini tun daga gida.

Bayyana ciwo na ƙara kuɗin inshora, wani lokaci sosai, musamman ga wanda ya haura shekara 65. Amma wannan ƙari ana ganinsa ne tun mutum na zaune a gida, yana da damar kwatanta farashi, ko rage kwanakin tafiya, ko ma fasawa. Wanda ya ɓoye kuwa, sai yana kwance a asibitin wata ƙasa zai san nawa tafiyar ta ci masa.