Taswirar mota ko ta waya: wacce za ta kai ka Kutama?

Yau maganar taswira za mu yi.

Ka sayi mota 'yar Kwatano mai allo a gaba, ka danna taswira, sai ka ga kibiyarka tana yawo a fili fetal, babu titi ko ɗaya. Motar ba ta lalace ba. Taswirar cikinta ta Amurka ce ko ta Turai, an loda ta tun daga can a kati ko faifai, babu Najeriya a ciki. GPS ɗin kam yana kama tauraron ɗan Adam, hanyoyinmu ne bai sani ba.

To waya fa? Google Maps ta san titin Gwarzo tun daga Kabuga, ka wuce sabuwar BUK, Rimin Gado, har Gwarzo. Tun 2019 ma ta ƙara wa Najeriya tsarin masu babur. Matsalarta data. Amma ga abin da da yawa ba su sani ba: GPS ba ya cin data, zanen taswirar ne ke ci. Kafin ka bar Kano, sauke taswirar yankin Gwarzo da Kabo a wayarka, ko sabis ya ɗauke za ta ci gaba da yi maka jagora. Sai dai ba za ta nuna cunkoso ba.

Ni dai waya na zaɓa. Sai dai in ta ce ka saki kwalta ka yanke ta burji da damina, tsaya ka tambayi 'yan acaɓa tukuna, don ba ta san kwalbatin da ruwa ya cinye jiya ba. Kuma ka tafi da caja, rana da taswira suna shanye batir.