Tsohon Moto: A Riƙe Shi Ko A Sayar?

Duk wanda ya ratsa bakin babbar kasuwar Maraɗi, ko kasuwar Dole ta Damagaram, ko layin makanikai na Tawa da Yamai, ya san wannan zama na gindin bedi: moto a kan ƙafarsa, inji a warwatse bisa tsohon buhu, mai shi kuma a kan benci ya zuba tagumi yana jiran a faɗa masa kuɗin gyara. Sau da yawa mutumin nan malamin lakwal ne, ko ma'aikacin asibiti, ko ɗan kasuwa mai bin kasuwannin ƙauye, kuma wannan ne zuwansa na uku a cikin wata guda. Tambayar da ke cin ransa ita ce wadda muke son mu tattauna da ku a wannan mako, jama'a masu karatu: shin a ci gaba da zuba kuɗi a cikin tsohon, ko kuwa a rufe ido a rabu da shi a nemi sabo?

Maganar tana da nauyi, domin a gidaje da yawa na ƙasarmu, in an ɗebe gida da gona, babu wata kadara da ta kai moto daraja. Shi ke kai maigida wurin aiki, shi ke kai yara lakwal, shi ke ɗaukar mai naƙuda zuwa asibiti da tsakar dare. Kuskuren lissafi a kansa yana iya cinye albashin watanni.

Daga Mobilet zuwa baburan Sin da Indiya

Dattawanmu suna tune da zamanin Mobilet da P50 na kamfanin Peugeot, waɗanda ake harhaɗawa a Bobo-Julaso ta ƙasar Burkina Faso, da kuma Yamaha Mate na Japan wanda ya zama alamar ma'aikaci mai rufin asiri. Waɗannan babura ne masu shan mai gauraye da baƙin mai na musamman, masu hayaƙi, amma masu juriya. Mutum yakan sayi guda ɗaya ya hau shi shekaru goma ko fiye, har ɗansa ya gada.

A ranar 12 ga watan Janairu na 1994 anka karya darajar kuɗin sefa da rabi: tammar Faransa guda, wadda ake canzawa a tamma 50 ta sefa, ta koma 100. Kayan da ake shigowa da su daga waje sunka yi tashin gwauron zabo, a daidai lokacin da ma'aikatan gwamnati ke bin bashin albashi na wata da watanni. Sabon moton Japan ya fi ƙarfin talaka, kowa ya rungumi tsohonsa yana lallaɓawa. Bayan shekara ta 2000 sai ga baburan ƙasar Sin irin su Jincheng da Kasea da Haojue sun cika kasuwa da araha, daga bisani na Indiya irin su Bajaj da TVS sunka biyo baya. Moto ya shiga hannun kowa, sana'ar kabu-kabu ta bunƙasa, amma kuma wani abu ya sauya: tun da sabo yana samuwa cikin sauƙi, tsoho ya daina riƙe darajarsa kamar da.

Asarar da ba a gani

Masu lissafin kamfanoni suna da wata ƙa'ida da suke kira amortisman da Faransanci, wato zaizayar darajar kaya. In kamfani ya sayi abin hawa, sai a raba kuɗinsa bisa shekarun da ake tsammanin zai yi aiki, kowace shekara a rubuta kasonta a matsayin kuɗin da anka kashe, ko da kuwa ko dala ba ta fita daga akwati ba. Mu kuwa a gida ba mu rubuta wannan, shi ya sa muke ganin kuɗin lisansi da na makanike kaɗai. Amma asarar tana nan, tana jiranmu ranar da za mu kai moton hannun dillali.

A kasuwa kuma zaizayar ba ta tafiya daidai wa daida. Ran da moto ya fita daga shago, anka cire masa leda, ya zama na hannu, ko da kilomita 10 kaɗai ya yi. Shekarar farko ita ce mafi ciwo, ta biyu ta ɗan sassauta, daga nan faɗuwar ta riƙa raguwa har moton ya kai wani farashi da kusan ba ya sauka ƙasa da shi muddin yana tashi. Kuɗin gyara kuwa hanyarsu daban: kaɗan ne da fari, suna hawa shekara bisa shekara.

Bari mu ɗauki misali, kuma alƙaluman nan namu ne na kwatance, kowa ya sa nasa a madadinsu. A ce an sayi moto jika 500, wato tamma 500.000. Bayan shekara guda dillali ya taya shi jika 380, an kuma yi gyaran jika 15: shekarar ta ci jika 135. A shekara ta biyu darajarsa ta sauka zuwa 310, gyara ya ci 25: jimla 95. A ta uku ya koma 260, gyara 40: jimla 90. A ta huɗu 225, gyara 60: jimla 95. A ta biyar 200, gyara 85: jimla 110. In an tara shekarun biyar an sami jika 525, wato jika 105 a kowace shekara. To, a shekara ta shida darajar ba za ta ragu da fiye da jika 20 ba, amma in gyara ya kai 120, shekarar ta ci jika 140, ta zarce abin da sabon moto zai riƙa ci a matsakaici.

Darussa biyu ke cikin wannan lissafi. Na farko, mai sake moto kowace shekara don a ce ya hau sabon yayi, shi ke biyan kaso mafi tsada kullum, yana bar wa wani shekarun araha. Na biyu, mai riƙe tsoho har abada yana cewa ai ba a binsa bashi, shi ma akwai ranar da tsohon zai fi sabo tsada ba tare da ya ankara ba. Ma'aunin shi ne: a ƙiyasta abin da tsohon zai ci a shekara mai zuwa, a gwada da matsakaicin abin da sabo zai ci a shekara tsawon rayuwarsa.

Abin da lissafin bai nuna ba

Akwai mai. Injin da zobban pistonsa sunka cinye, ko karbiratonsa ya lalace, yana shan lisansi fiye da ƙima. A watan Yuli na 2024 gwamnati ta sauke farashin lita daga tamma 540 zuwa 499. Da wannan farashi, ƙarin rabin lita a yini, kwana 300 a shekara, ya kusa jika 75. Ga shi kuma zamanin dogaro da man bakin hanya mai araha daga Najeriya ya wuce tun da anka janye tallafin mai a can a ƙarshen watan Mayu na 2023. Matatar SORAZ da ke kusa da Damagaram, wadda ta fara aiki a 2011, tana iya tace ganga 20.000 a yini, duk da haka mun ga dogayen layuka a gidajen mai a watan Maris na 2025. Moto mai shan mai da yawa a irin wannan lokaci nauyi ne biyu.

Akwai kuma ranakun da anka rasa. Ma'aikaci in motonsa ya ƙi tashi, zai biya kabu-kabu ya isa buro a makare. Ɗan kasuwa kuwa in ya lalace masa a hanya ranar kasuwa, cinikin mako guda ne ya tafi. Saboda haka amsar ma'aikaci da ta ɗan kasuwa ba za ta zama ɗaya ba. Wanda ke yin kilomita 10 a yini, kwana 250 a shekara, ya yi kilomita 2.500. Ɗan kabu-kabu mai yin 100 a yini, kwana 300, ya yi 30.000, wato a shekara guda ya yi tafiyar shekara 12 ta wancan. Shekarun da ke rubuce a takarda ba su faɗin tsufan moto, aikin da ya sha shi ke faɗi, da irin hanyar da ya bi, da nauyin buhunan da ya ɗauka.

Sannan akwai rai, wanda ba ya shiga ma'auni. Gyara iri biyu ne. Taya, buji, sarƙa da haƙoranta, birki, batir, waɗannan kayan ci ne, sabon moto ma zai buƙace su, sauya su ba dalilin sayarwa ba ne. Ko inji in ya gaji ana iya sake masa pisto da zobba ya ƙara shekaru. Amma in ƙashin moton ya tsage ko ya karkace bayan haɗari, anka yi masa walda, ko kuwa an buɗe inji sau biyu a shekara yana ci gaba da hayaƙi da ƙara, to maganar ta wuce ta tattali. Wanda ke ɗora iyalinsa bisa ƙarfen da anka liƙa, ya sani da ransu yake caca.

Iyaka, canji da kayan gyara

Mu mutanen kudu, kasuwar motonmu a ɗaure take da ta maƙwabta. Kayan gyara da yawa daga Kano da Katsina da Sakkwato suke shigowa, ta Ɗan Isa da Magarya da Birnin Ƙwanni, wasu kuma ta tashar ruwan Lome. Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 takunkumin CEDEAO ya sake rufe su, ba a ɗage shi ba sai a Fabrairun 2024. A tsakanin Yunin 2023 da farkon 2024 kuma naira ta faɗi daga wajen 460 a dala ɗaya ta Amurka zuwa fiye da 1.500. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya taɓa farashin sabo da na tsoho da na kayan gyara.

Nan ne mutane ke ruɗuwa. In sabo ya yi tsada, tsoho ma yakan tashi, sai ka ji mutum yana murna wai an taya motonsa kusan yadda ya saye shi. Abin dubawa shi ne cikon da zai yi kafin ya hau sabo. In cikon ya ƙaru, bai ci ribar kome ba. Waɗanda sunka yi gaggawar sayarwa a 1994 sun ga wannan da idonsu.

Wani abin lura shi ne samuwar kayan gyara. Samfurin da ƴan kabu-kabu ke hawa, wanda kowane makanike na ƙauye ya san cikinsa, ya fi riƙe daraja bisa wanda ya fi shi kyau amma sai an aika Yamai ko Kano neman ƙaramin ƙarfe. Araha ba ta ado, kuma kayan gyara na jabu sun fi kome saurin tsofar da inji.

Takardu rabin daraja ne

Moto mai takardar duwan, da kart giriz, da lamba, da asiransi, ya fi wanda ba shi da su kuɗi da saurin shiga, ko da shekarunsu ɗaya. Mai sayen wanda ba a biya wa duwan ba, ya sayi fargaba a kowane shingen jandarma, wataƙila ma ya sayi kayan sata. A duba lambar da ke jikin ƙashin moto da ta inji, a gwada da ta takarda. A rubuta takardar ciniki gaban shaidu, a kai hukuma ta buga hatimi. A kuma tafi da makanike amintacce, a tada injin da safe yana sanyi, domin a nan aibi ke bayyana. Kada a yi cinikin biri a sama.

Mai sayarwa shi ma akwai haƙƙi a kansa. Malamanmu na mazhabar Malikiyya sun bayyana cewa wajibi ne a faɗi aibin kaya, kuma mai saye yana da ikon mayar da abin da anka ɓoye masa aibinsa. Zuba baƙin mai mai kauri don a danne ƙarar inji, ko mayar da agogon kilomita baya, ha'inci ne, ko da dillali ne ya ba da shawara.

Shawararmu

Ga ma'aikaci mai gajerar tafiya, wanda ƙashin motonsa lafiya lau, takardunsa cikakku, galibi riƙewa ta fi. Ya kula da juyen baƙin mai a kan lokaci, ya riƙa wanke matatar iska musamman a lokacin hunturu da ƙura ke shiga inji tana cinsa kamar yashi, ya shafa wa sarƙa mai. Rigakafi ya fi magani. Ga ɗan kasuwa da mai ba da kabu-kabu, wanda tsayuwar yini guda asara ce gare shi, gara ya sayar tun moton yana da sauran kuɗi a jikinsa, kafin babban gyara ya zo.

Ga kowa kuma, a sayi ɗan littafi na dala ashirin a riƙa rubuta duk abin da moto ya ci, gyara da mai da ranakun da ya kwana wurin makanike. Sannan a yi abin da kamfanoni ke yi: tun ran da anka sayi sabo, a fara ajiye kuɗin magajinsa. A misalinmu na sama darajar jika 300 ce ta zaizaye a cikin wata 60, wato jika 5 a wata. Wanda ya riƙa zuba wannan a adashi ko a asusun ajiya, ran da tsohon ya gaji zai haɗa da kuɗin sayar da shi ya je shago da ƙafarsa, ba tare da ya ci bashi mai ruwa ba, ba tare da ya sayar da hatsin gida ko tunkiyar uwargida ba. In farashin sabo ya hau kafin lokacin, cikon da zai nema kaɗan ne.

Allah ya tsare mu a bisa hanyoyi, ya sa albarka a cikin abin hawanmu. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.