Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu

Duk wanda ya tashi a Basirka ko Gwaram ya san cewa, tun zamanin da ƙasar nan take ƙarƙashin Kano, kafin a yanke Jihar Jigawa a 1991, babu wata daraja da uba yake yi wa ɗansa fata kamar shiga Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu, domin kuwa ba a karɓar ɗalibi sai ya ci jarrabawa. Wanda Allah Ya nufa da nasara, sai ya ɗaura akwatinsa na ƙarfe ya tafi makarantar kwana, inda tarbiyya da ladabi suke tafiya tare da ilimi. A nan ne Alhaji Aliko Dangote ya kammala karatun sakandare a 1978.