Dutsen da Ya Buga Littattafai

Mu mutanen Limawa mun san duwatsun Dutse da aikin tsakuwa da gini. Ƙwayarsu na da kaushi, ba za su karɓi alƙalami ba. Dutsen Solnhofen a Jamus kuwa sumul yake, dangin wanda ake haƙa a Kalambaina ta Sakkwato don siminti. A 1796 wani mai suna Alois Senefelder ya gano cewa in an yi rubutu a kan dutsen Solnhofen da tawada mai maiƙo, aka jiƙa shi, sabuwar tawada rubutun kaɗai take kamawa, domin mai ba ya shiri da ruwa. Wannan hikimar ce maɗaba'un Kano ke buga Alƙur'ani rubutun hannu da ita, sai dai farantin alminiyam ya gaji dutsen.