Fijo 504: Yadda ake farfaɗo da hanyar mai a motar da ta daɗe a ajiye

Shekara tara motar mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, ta yi a ƙarƙashin rumfar kwano a gidanmu na Zariya. Peugeot 504 ce fara, wadda kowa ya fi sani da Fijo. Kaji sun yi ƙwai a kujerar baya, yara sun mai da ita wurin wasan ɓuya. Da maganar rabon gado ta taso, yayyena suka ce a sayar wa ’yan gwangwan a raba kuɗin. Na roƙi wata uku: in ta tashi in biya kowa rabonsa, in ta ƙi a kira mai sikeli.

Kuskuren farko ni na tafka shi. Na sa sabon batir, na juye galan guda na fetur a kan tsohon da ke tanki, na murza makulli. Ta yi tari, ta ɗauka na ’yan daƙiƙu, ta mutu. Ban sani ba, ashe dattin shekara tara na kora daga tanki har cikin kafireta.

Ba ni kaɗai ke da irin wannan mota a gida ba. A 1968 aka fara ƙera 504 a Faransa, kamfanin PAN da ke Kakuri a Kaduna kuma ya fara harhaɗa motocin Peugeot a 1975. Ya ci gaba da fitar da 504 fiye da shekara ashirin bayan an daina yin ta a Turai. Ita ce motar ma’aikatan gwamnati, ita ce ta haya a tasha. Da yawa daga waɗanda suka rage suna ajiye a gidaje, kuma sau da yawa injinsu lafiya lau yake. Hanyar mai ce ta lalace.

Daga tanki ake farawa

Aka haɗa ni da wani dattijon makanike a Kaduna wanda a kan Fijo ya koyi sana’a, na ja motar na kai masa. Na zaci gaban motar zai buɗe. Sai ya zagaya baya, ya cire murfin tanki, ya shinshina. Warin ba na fetur ba ne, ya fi kama da na tsohon fenti.

Fetur ba ya jure ajiya. Cikin ’yan watanni sassansa masu saurin kama wuta suna bin iska, abin da ya rage ya yi duhu, daga baya ya zama danƙo. Ga kuma ruwa. Tankin da ba a cike yake ba yana shan iska mai laima, musamman da damina, laimar ta zama ɗigon ruwa a jikin ƙarfe. Da yake ruwa ya fi fetur nauyi, ƙasa yake kwanciya, a nan tsatsa take cin tanki daga ciki, ido bai gani.

Muka sauke tankin. Abin da ya fito kamar kunun kanwa da aka zuba wa jar ƙasa. Baba, haka kowa ke kiransa a garejin, ya sa aka wanke shi da ruwa da sabulu, aka zuba tsofaffin notuna a ciki, yara biyu suka yi ta jijjigawa har ɓawon tsatsar ya saki. Aka sake wankewa, aka shanya shi a rana har ya bushe ƙayau, domin ɗigon ruwa ɗaya da aka bari tsatsar gobe ce.

Da aka haska fitila a ciki sai ga ƙananan huji biyu. Nan na ce a kai wa mai walda. Baba ya dube ni kallon da mahaifina ke yi mini in na yi shirme. Tankin da aka juye ya fi cikakke haɗari, domin tururin fetur da ya gauraya da iska shi ne ke fashewa, kuma yana maƙale a cikin tanki ko bayan an wanke. Masu gyaran da suka san aikinsu sai sun turara shi da ruwan zafi ko sun cika shi da ruwa kafin wuta ta matso. Mu dai muka tafi Panteka muka samo wani tankin da ya fi namu lafiya, shi ma aka yi masa irin wankin.

Tiyo da famfo

Bututun ƙarfen da ya bi ta ƙarƙashin mota an hura shi da iska, ya fita lafiya. Tiyon roba kuwa duk aka zubar, har waɗanda a ido ba su da aibu. In ka lanƙwasa su sai ka ga tsagu kamar faso. A nan ne mutane ke rowar da ba ta da amfani: su sa tiyon ruwa, ko farar robar nan ta janareta. Fetur yana cinye su, zafin inji ya ƙarasa. Masu tsofaffin motoci ba su manta da watan Fabrairun 2022 ba, lokacin da hukumomi suka tabbatar an shigo da fetur mai sinadarin methanol fiye da ƙima. Irin wannan sinadari tsohuwar roba yake fara ci.

Famfon mai na 504 ba na lantarki ba ne. Injin ne ke motsa shi, wata ’yar fatar roba a ciki tana sama da ƙasa tana zuƙo mai. In ta bushe ta tsage, fetur yana iya zurarewa cikin baƙin mai ya tsinka shi, inji ya ci kansa a hankali. Alamar ita ce baƙin mai ya riƙa ƙaruwa a ma’auni yana warin fetur. Namu haka yake, sai da aka canza fatar, aka juye baƙin man.

Na tambaya ko a sa na lantarki a huta. Ana iya sawa, amma mai ƙaramin ƙarfi da aka yi don kafireta. Famfon motocin zamani yana tura mai da ƙarfin da ya ninka abin da kafireta ke ɗauka sau goma ko fiye, sai mai ya yi ambaliya a kan inji mai zafi. Jarkar da wasu ke ɗaurawa kusa da inji don gudun gyaran tanki kuwa, ban ga abin da ya raba ta da ajiye gobara a gaban gwiwa ba.

Kafin mai ya isa famfo, Baba ya sa sabuwar matata, irin wadda ake hango cikinta, don a riƙa ganin ko datti na zuwa.

Sai kafireta, a ƙarshe

Ita kowa ke fara zargi, ita ce kuma ta ƙarshe a layi. In ka wanke ta tanki na da datti, aikin banza ka yi. Tamu ƙirar Solex ce. Aikinta gauraya mai da iska, kusan kashi ɗaya na fetur da kashi goma sha biyar na iska in an auna da nauyi, ta wasu ƙananan ƙofofin tagulla da makanikai ke kira jet. A cikinta akwai ɗan kwano da mai ke taruwa, da wani abu mai yawo a kan man wanda ke tura allura ta toshe hanya in kwanon ya cika, kamar dai na tankin ruwan gida.

Baba ya warware ta a kan farin ƙyalle, ya jera kowane ƙarfe bi da bi. Ya hana yaronsa zura waya a cikin jet. Tagulla tana da laushi, waya tana faɗaɗa ƙofar, daga nan mota ta fara shan mai da baƙin hayaƙi, mai ita ya yi ta zargin gidan mai. Da maganin wanki da iska kawai aka buɗe su. Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayun 2023, ƙofar da ta faɗaɗa da kaurin gashi ma aljihu yana jin ta.

Ranar Alhamis ta mako na bakwai aka zuba sabon mai, aka ajiye abin kashe gobara a gefe. A murzawa ta uku ta ɗauka. Baba bai bari na taka totur ba. Ya bar ta tana aiki, ya bi kowace mahaɗa da busasshen tsumma yana dubawa, har ya samu guda tana tsattsafo a bakin famfo, ya kashe injin ya ɗaure ta.

Birki da tayoyi suna nan suna jira, don haka ba ta hau titin Zariya ba tukuna. Na ɗauki ƙarar injin a waya na tura wa yayyena. Babbar yayarmu ta kira ni, ta ce in sake turo wani mai tsawo, za ta kunna wa Hajiya.